Ganyen Dutsen Wurno

Ƙas-ƙas ɗin mafici ne ya jawo mini. Surukata, da muke ce wa Inna, tana kaɗa shi a zaure, sai ta tsaya ta shafa kabar. Zamanin Turawa ne, ban daɗe da barin makarantar 'yan mata ba, aka kawo ni Rabah. Idon Inna ya riga ya tafi.

"Akwai wani haki dutsen Wurno," in ji ta, "kamar kabar giginya, amma bai kai tafin jinjiri ba. Ba fure, ba ɗiya. Cikin tsagar dutse yaka hita, gefen inuwa. Da in taɓa shi sau guda kahin in mutu. Ke 'yar boko, mi aka koya maku in ba ku san shi ba?"

Na ce ai na san shi. Wallahi ban taɓa ganinsa ba.

Kwana uku ina bin masu itace zuwa duwatsun bayan gari, ina leƙa tsaga kamar mai neman ƙadangare. Ƙaya kawai na samo. Kullum na dawo sai in tarar ta miƙo hannu tun daga ƙofa. A rana ta huɗu na kasa jure hannun nan. Na tsinko ɗanyar kaba, na ɗauki almakashin ɗinkina, na yi istigfari, na yanka ɗan mafici mai yatsu sirara. Har ni sai da ya burge ni.

Inna ta karɓa, ta bi yatsun ɗaya-ɗaya. Ta juya bayansa ta murza, ta kai babban yatsa hanci.

"Ikon Allah. Namu na Wurno gari-gari garai ga baya, ja, kamar an barbaɗa taba. In rani ya yi shi naɗe kamar ya mutu, ruwa na taɓa shi shi buɗe. Wanga na Rabah kau tsabta garai, har da gyaran baki."

Ta sa mini albarka, ta cusa shi ƙarƙashin matashi. Na shige madafa, na kasa haɗa ido ko da tukunya.

Da la'asar jikarta, 'yar shekara shida, ta leƙo tana danne dariya.

"Amarya, Inna ta ce gobe ki nemo jaki ki kai ta Wurno, ita za ta gwada maki dutsen. Ta ce ki bar almakashi gida."