Takardar da harsashina bai taɓa ba

Shekarun baya, lokacin maigidana yana karatun digirinsa na uku muna zaune a ƙasar waje, a wata unguwa da ake kira Cheras, na taɓa shiga kanti da rana tsaka neman bindigar saye. Ku yi dariyarku, na yafe muku.

Abin da ya jawo, wata Asabar na je wani titin kasuwa mai suna Jalan Tuanku Abdul Rahman sayen yadi ni da 'yata, tana da shekara shida a lokacin. Muna tafe a bakin titi, jakata a kafaɗar da ke wajen motoci, sai wasu mutum biyu a babur suka fizge ta. Ni kuma na ƙi saki. Suka ja ni a ƙasa har gwiwata ta saɓule, igiyar jakar ta tsinke. Ina kwance a kwalta na hango 'yata ta bi babur ɗin da gudu tana ihu a dawo da jakar Ummanta. Bayan nan sai da yarinyar ta yi kwana uku ba ta yarda mun sauka daga bene ko sayen burodi ba.

Ni 'yar maharbi ce. A garinmu idan mahaifina yana son bindiga, wajen maƙeri yake zuwa ya faɗi irin wadda yake so, bayan kasuwa biyu ya je ya ɗauko. Haka na san abin. Na ce wa maigidana ni ƙarama nake so, wadda hijabi zai rufe. Ya ɗago daga kwamfutarsa ya ce, "Maman yara, don girman Allah kada ki ƙara faɗar wannan maganar ko a banɗaki. Nan ba gida ba ne." Na ce to. Duk wanda ya san ni ya san irin wannan "to" ɗin.

Sai da na haifi uku na shiga makarantar manya, don haka ina ji da rubutuna. Na yagi takarda na rubuta da ɗan Turancina, da manyan baƙaƙe, cewa ina son sayen ƙaramar bindiga. To wa zan nuna wa? Sai na tuna wata dattijuwa 'yar ƙasar mai kantin gwal a titin nan, wadda ta wanke mini ciwo ranar da abin ya faru. A tunanina mai sayar da gwal dole ta san maƙera.

Makcik nake ce mata, kamar dai ka ce Inna, ita kuma ta ce mini Adik, wato ƙanwa. Ta karanta takardar, ta ja hannuna zuwa ɗakin ciki, ta yayyaga ta ƙanana-ƙanana.

"Wa kuma kika nuna wa?"

"Ke kaɗai."

"Alhamdulillah. Adik, 'yar takardar nan ta isa a kira mijinki wajen 'yan sanda, karatunsa ya tsaya. Wanda aka kama da bindiga ba lasisi a ƙasar nan, 'ya'yansa sai su girma ba ya gida."

Duk da haka bakina bai mutu ba. Na ce, "Makcik, ke ai ba a taɓa jan ki a ƙasa a gaban 'yarki ba."

Ta kamo hannuna ta ɗora a kwiɓinta, ta saman riga. Sai na ji ƙarfe. Wallahi bindiga ce. Matar nan tsawonta bai kai kafaɗata ba, kullum da alewa a aljihu don yaran masu saye. Ta ce saboda kantin aka ba ta izini, bayan doguwar jira da tambayoyi har da na likita, kuma tun da ta fara ɗaura ta ba ta taɓa zaro wa mutum ita ba.

"Ko sau ɗaya? To amfaninta me?"

"Ranar Lahadi ki zo da mijinki. Ki gani da idonki."

Ta kai mu wani filin koyon harbi a bayan gari inda take da rajista. Aka duba fasfo ɗinmu, aka toshe mana kunne, aka rataya takarda mai zanen ƙirjin mutum. Makcik ce ta fara. Ta tsaya shiru har na zaci ta fasa. Sannan ta saki biyar. Da aka jawo takardar, gindin kofin shayi zai rufe hudojin duka. Tun da nake ban taɓa ganin hannu ya natsu haka ba, ko na mahaifina.

Mai koyarwa ya miƙo mini irin tata. Ba ta fi tafin hannuna ba, amma nauyinta har kafaɗa. Na tuno fuskar ɓarawon nan, na cije leɓe, na saki biyar ni ma. Aka jawo takardata fes, ko kusurwarta ban taɓa ba. Maigidana ya kama tarin ƙarya. Na ce, "Malam, yi abarka, ina jin ka."

Makcik ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Biyar kika saki. Ina suka tafi?"

Na nuna tudun yashin da ke bayan takardar.

"Nan yashi ne. Ranar Asabar ɗin nan, wa ke tsakaninki da babur?"

Sai na ga 'yata cikin 'yar rigarta ruwan hoda tana gudu a gabana. Na zauna a ƙasa daɓas na fashe da kuka, ni da ko a ɗakin haihuwa ba na kuka.

Ranar na gane shirun da Makcik ta yi kafin ta harba: bayan takardar take dubawa. Ranar kuma na gane mahaifina, da yakan wuni a daji ya dawo bindigarsa a ɗure, ina yarinya ina ganin kamar kasawa ce.

Ban sayi bindiga ba, maigidana ya gama karatunsa lafiya. Takardar filin harbin nan kuwa na roƙa aka ba ni. Tana nan a ninke tare da satifiket ɗina na makarantar manya, kuma idan na buɗe akwatin ita nake fara dubawa. Har yau in ina tafiya a titi, jakata tana ɓangaren bango. 'Yata ma haka, ko da yake yanzu ta fi ni tsawo.