Sai Likita Ta Sallame Shi

Mijina ɗan maɗori ne, kuma wannan gadon ne ya cinye shi. Na san magana ce mai nauyi, Allah ya gafarta mini, amma na daɗe ina juya ta a raina ban samo wata da ta fi ta gaskiya ba.

A wani ƙauye kusa da Tasawa aka haife shi. In aka kawo wa mahaifinsa mai karaya, tsohon zai ɗora ƙashin ya ɗaure, majinyaci kuma ya tare a zaure yana cin tuwon gidan. Ko ƙafa ta fara taka ƙasa, ko mutum ya soma zagaya gari da sanda, ba ya naɗe tabarmarsa sai ranar da tsohon ya shafa wurin ya ce, "Na sallame ka." Wanda ya yi gaban kansa ya tafi, in ƙafarsa ta karkace babu mai jin tausayinsa. Da wannan mijina ya buɗi ido. A wurinsa, duk wanda mai magani ya sa wa hannu ya zama ɗaurarre har sai an kwance shi.

Mun zo Tamanrasset neman abin sawa a baka, kamar kowa. Shi yana aikin gini a shantiye, yana kwaɓa siminti yana hawa da shi sama a bokiti. Ni kuma ina dafa shinkafa da wake a ƙofar ɗakinmu a unguwar Tahaggart, samarin Nijar masu aikin ƙarfi suna zuwa ci da rana. 'Yarmu guda muka bari a gida wurin Inna, mahaifiyarsa, da niyyar mu yi shekara biyu mu koma. Wa ya taɓa zuwa Tam ya koma a lokacin da ya ɗiba wa kansa?

A shekarar da rediyo ya cika da labarin cutar huhu ta ƙasar Sin, samarin nan suka mai da abin wasa. Duk wanda yaji ya sarƙe ya yi tari, sai a dare a ba shi wuri ana dariya, ana cewa ga ɗan Sin nan ya iso. Ana cikin wannan raha zazzaɓi da tari suka kwantar da mutane a shantiyensu, har da mijina. Sauran suka tashi suka koma bakin aiki. Shi ma ya tashi, amma rabinsa ne ya tashi. Zazzaɓin ya tafi, numfashin bai dawo ba. Mutumin da yake hawa tsani da bokiti a kowane hannu, ga shi in ya ɗebo mini ruwa daga famfo sai ya dafa bango yana haki kamar wanda aka koro.

Sai aka ce wasu likitoci sun zo daga arewa, suna asibiti, suna neman waɗanda suka yi irin wannan zazzaɓi da tari. Yawancin mutanenmu suka ɓuya. Wanda ba shi da takarda ba ya kai kansa inda ake rubuta suna, don daga nan sai jandarma, daga jandarma sai mota zuwa iyaka. Mijina ya ce shi zai je, na yafa mayafi na bi shi.

Likitar mace ce, Balarabiya, mai fara'a da sanyin hannu. Wani Buzu ɗan Agadas da ke aiki a asibitin shi ya yi mana tafinta. Ta ɗebi jininsa, ta zura masa auduga a kan tsinke har maƙogwaro, aka ɗauki hoton ƙirjinsa, sannan ta ba shi wani bututu ta ce ya hura da iya ƙarfinsa. Ta yi bayani, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta ce bincike suke yi. Ƙwayar cutar da ake faɗa a rediyo tana da dangi, korona ake ce musu, wasunsu mura kawai suke sawa. Suna so su san ko ita ce ko danginta suke yawo a nan, da kuma abin da ciwon ke bari a ƙirjin mutum bayan zazzaɓi ya wuce. Ta ce za ta dawo ta sake auna shi. Kafin mu fita ta ɗora tafin hannunta a bayansa, ta saurari numfashinsa, ta daɗe.

A hanyar gida ya tsaya ya huta a gindin wani shago, fuskarsa a sake.

"Kin gani? Ta sa mini hannu. Na shiga hannunta ke nan."

Na ce Allah ya sa a dace. Ni ma a lokacin murna nake yi.

Asibiti suka ba shi ƙwayoyin tari, ya shanye, babu abin da ya canza. Aiki ya gagara. Ya koma zama kusa da tukunyata yana miƙa wa mutane cokali, hayaƙin itace yana ƙara shaƙe shi. Bayan 'yan watanni wani direban kamiyo, babbar motar kaya, mutumin garinsu, mai kai dabino da taliya kudu, ya zo da saƙon baka daga Inna. Ta ce ɗanta ya taho gida. Akwai gero, akwai nono, ga masu jinya, kuma tana so ta gan shi da idonta. Direban ya ce zai ba shi wuri a gaba kusa da shi, ni in hau baya. A lokacin mijina yana iya tafiya da ƙafarsa har kasuwa, in dai zai huta a hanya. Da ya shiga motar nan, da ya kai.

Mijina ya ce, "A gaida Inna. A ce mata ina hannun likita, ba ta sallame ni ba tukuna."

Da direban ya fita na rufe shi da faɗa.

"Malam, wace likita? Wadda ta ɗebi jininka ta yi gaba? Ko ƙwaya guda ta ba ka?"

"Ta ce tana dawowa."

"Yaushe? Jiran gawon shanu za mu zauna yi a garin mutane?"

"Ke ba ki san kan magani ba. Jinina yana wurinta, tana dubawa. In na tahi ta zo da magani ba ta iske ni ba, wa ya ɓata aiki? Ni ko ita?"

Na yi faɗa, na yi kuka, na yi yaji na kwana biyu a gidan wata 'yar Damagaram mai sayar da atamfa, na dawo don kaina, tunda babu mai dafa masa ruwan zafi. Na kai ƙararsa wurin dattawan mutanenmu masu shaguna. Suka yi masa magana, ya saurare su cikin ladabi, ya yi godiya, ya ci gaba da zamansa. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, da ma ina numfashin da zai ɗaga ta? Wannan haƙurin nasa ya fi zagi ƙona mini rai.

Duk ranar da ya ji dama sai ya ja jiki zuwa asibiti ya tambayi Buzun nan ko ta zo. Har Buzun ya gaji ya ce masa, "Ɗan'uwa, ka tahi gida mana, mutanen nan ba su da rana." Mijina ya ce, "Ba kai ka sa mini hannu ba."

Sai sanyi ya shigo. Tam gari ne na kan duwatsu, sanyinsa har cikin ƙashi yake shiga, kuma iskarsa ba ta ƙosar da mai ciwon ƙirji. Ya daina kwanciya, sai dai ya jingina da bango in tara masa tsummoki a baya. Ya koma salla a zaune. Leɓɓansa suka yi duhu, ƙafafunsa suka fara kumbura. Direban ya sake zuwa, ya sake tafiya. Ina kallon mijina yana ƙarewa kamar sabulu a ruwa, ba ni da abin yi. Na daina yi masa faɗa, ba don na yarda da shi ba, sai don na ga faɗan ma yana cin numfashinsa. Akwai ranakun da nake juya shinkafa hawaye na zuba, samari su ɗauka hayaƙi ne.

Shekara ta zagayo kafin Buzun ya aiko cewa ta dawo. Mijina ya sa na ciro masa rigarsa ta Juma'a. Tana yi masa lilo a jiki. Wani maƙwabci ya kai mu a mota, don ƙafa ba za ta kai shi ba.

Da ta ga takardarsa sai ta yi murna. Ta ce cikin duk waɗanda ta auna, shi kaɗai ta samu, sauran sun watse. Sannan ta ɗago kai ta dube shi da kyau, murnar ta gushe. Ta ba shi bututun. Ya hura, tari ya kama shi, ya sake gwadawa, ta karɓe abin daga hannunsa a hankali.

Da ya samu numfashi ya dubi Buzun.

"Tambaye ta, ta zo da maganin? In kuma babu, ta sallame ni in tahi gida. Uwata na kira."

Buzun ya daɗe yana yi mata bayani. Na ji yana maimaitawa, yana nuna mijina, yana nuna kudu da hannu. Sai na ga ta sa hannu ta rufe bakinta. Abin da ta faɗa, Buzun ya juya mana shi da Hausa, kansa a sunkuye. Ta ce ita ba ta riƙe shi ba, ba ta taɓa sanin tana riƙe da shi ba. Aikinta aunawa ne, don a fahimci ciwon, a amfani waɗanda za su kamu nan gaba. Ba su ma tabbatar da abin da ya kama shi ba. Huhunsa ya yi tabo, kuma ba ta da maganin da zai mai da shi yadda yake. Ta ce don me babu wanda ya gaya mata?

Na so in tashi in shaƙe ta, amma da wane laifi? Idanunta sun ciko. Ta ce a ba shi gado a sa masa iskar taimakon numfashi.

Mijina ya ce, "Ta dai hwaɗa da bakinta."

Buzun ya koya mata, ta faɗa da Hausa, kalma ɗaya bayan ɗaya, harshenta na karyewa: "Na sallame ka."

Ya ce ya gode, Allah ya saka mata da alheri. Har cikin ransa ya faɗa, abin da ya ƙarasa karya mini zuciya ke nan.

Bai kwanta a asibitin ba, ɗaki muka koma jiran mota. Da kamiyo ya zo na je na ɗauko direban har ɗaki. Ya tsuguna ya gaishe shi, ya saurari yadda ƙirjin ke kuka. Sannan ya ja ni waje.

"Yaya, ki gafarce ni. Wanga ba shi kai Assamaka bakin iyaka, balle Arlit. In ya cika a hanya, cikin rairayi za mu sa shi, ko ke ba ki ƙara gane wurin. Nan aƙalla akwai maƙabarta."

Na roƙe shi da Allah da Annabi. Ya yi ta girgiza kai yana share ido. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada, ni ma na sani.

Da na koma ciki na tarar mijina ya ji komai. Ya ce in aro rakoda, zai yi wa Inna kaset direba ya kai mata, kamar yadda mutanenmu ke yi. Na aro, na danna masa. Ya yi sallama, ya ce, "Inna," ya tsaya neman iska. Ya fara tambayar lafiyar 'yarmu, tari ya yanke shi. Na mai da kaset baya muka saurara. Babu komai a ciki sai haki da shaƙewa, da sunan Inna a tsakiya.

Ya ce, "Goge. In ta ji wanga ba ta ƙara barci. Ke ki yi magana. Ki ce ina wurin aiki."

Na sake dannawa. Na gaida Inna, na gaida 'yata, na gaida mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Na ce muna nan lafiya lau, likita ta sallame shi, ya tafi shantiye tun da safe shi ya sa ba ta ji muryarsa ba. Ina faɗa ina kallonsa a jingine da bango, ya cusa gefen zanena a bakinsa da hannu biyu, jijiyoyin wuyansa sun miƙe, yana danne tarin har in gama.