Sunan Ɗan Fari a Gaban Alƙali

Na manta abubuwa da yawa a aikin tafinta, amma ban taɓa manta safiyar da Hajara ta faɗi sunan ɗanta a kotu ba.

Shekarun saba'in ne, kuɗin mai ya shigo, gwamnati na ta turo ɗalibai Landan. Ni ina ofishin kula da ɗalibai, in shari'a ta taso sai a aike ni kotu tafinta. Hajara mijinta Sani ta biyo, yana karatun injiniya, ita tana ɗinki a wani shago a Old Kent Road. Ba mai zama da yaro, sai suka kai ɗansu na fari riƙo wajen wata Baturiya a Barking, suna duba shi ran Lahadi. Bayan shekara uku Baturiyar ta nemi kotu ta mallaka mata yaron. A dokarsu, alƙali na sa hannu shi ke nan, har sunan uba canza shi ake yi.

Ku yaran yanzu, irin wannan shari'ar jira ce zalla. A ɗage don ana jiran rahoton jami'ar kula da yara, a ɗage don lauya ya tafi hutu. Sau biyar muna zuwa mu daskare a kan benci, a fito a ce mu dawo bayan wata biyu. Wallahi na gaji, ni da ba ɗana ba.

Da rahoton ya fito, jami'ar ta rubuta cewa uwar ba ta ɗaukar yaron, ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "wannan yaron". Na ce wa lauyanmu, "Kunyar ɗan fari ce, haka ake yi a wajenmu." Ya ce, "Kai tafinta ne, ba shaida ba. In muka nemi masanin al'ada, za a sake ɗagewa wata shida."

A barandar kotu na gaya wa Hajara abin da rahoton ya ce. Ta ce, "Malam Garba, to me suke so in yi?" Ba aikina ba ne, amma na ce, "Su ji sunansa a bakinki."

Da alƙali ya tambaye ta abin da take nema, ta miƙe, ga mijinta, ga wan mijinta, ta ce, "Aminu. Ɗana Aminu." Kafin in fassara na ga alƙalin ya rubuta.

Sai da aka ƙara wata biyu kafin a ba su yaron. Shekararsa biyar, ko "zo" ba ya ji da Hausa. Yana kuka, Baturiyar na kuka, ni kaina ban ji daɗin da na zaci zan ji ba.

Abin da na koya, kotu ba ta ganin abin da ba a faɗa ba, mu kuma abin da ya fi mana tsada shi muke ɓoyewa. Tun ranar, kafin mu shiga nakan ce wa mutanenmu su bar kunya a bakin ƙofa.

Bayan shekara ashirin na haɗu da Hajara a Kano, na tambaye ta Aminu. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Wannan yaron? Yana nan lafiya."