Cokalin Man Kifi da Masu Korar Jan-baki

Ban taɓa mantawa da ranar da sikeli yas so ya maishe ni ɓarauniya ba. Rani na uku ke nan da ruwan dam ya fara iso mana ta magudana, shekarar da nik kai autata ɗakin miji, tun motar Goronyo sau ɗaya take biyowa ta wajenmu a yini.

Ku da ke aikin yanzu ba ku tarad da tsarin ba, bari in shimfiɗa muku. Ɗakin shan maganinmu, can gefen Taloka, mu uku ne. Babbarmu Sista Rahila, Kirista ce daga kudancin Kaduna, mace mai hannu da sanyi. Sai malamin da ke ba da magani. Sai ni, atanda: shara, tafasa allura, riƙe yaro in za a soka mai. Ban yi boko ba, amma babu gidan da ban karɓi haihuwa cikinsa ba a garin, don haka anka ɗauke ni. Sama da mu duka akwai Malam Bello, mai zowa daga babban ofis bisa babur duk ƙarshen wata ya duba littafi.

Wata rana anka kawo kwalabe masu ruwan ƙasa cikin kwali. Sista tac ce man kifi ne. Wai akwai wani irin maiƙo da jikin mutum ba ya iya yin shi da kansa sai an ci, ana so a gani ko zai gyara jikin yara. Man bai isa kowa ba, sai anka tara 'yan shekara biyar zuwa takwas, anka zuba tsakuwa fara da baƙa cikin ƙwarya, kowane yaro ya sa hannu. Mai fara zai sha yanzu, mai baƙa sai zagaye na biyu. Duka kuma za a riƙa ɗora su bisa sikeli wata-wata, a kwatanta. Cokali hannuna anka ba, da makullin kabad.

Man nan ƙarni gare shi kamar an buɗe cikin tsohon tarwaɗa. Kwana uku yara sunka daina zowa, iyaye mata kuma sunka fara ƙus-ƙus. Nis sa mayafi nib bi gida-gida. Ni ban iya bayanin maiƙo irin na Sista ba, sai nic ce musu abin da za su ji.

"Man ƙarfi ne. Yaron da ka shan shi, ko ɗan maraƙi ba ya cim mai da gudu."

Washegari layi har bakin darbejiya. Na ji daɗin kaina ƙwarai.

Bayan wata biyu Malam Bello yaz zo anka yi awo. Masu baƙar tsakuwa sun ɗan ƙaru yadda yara ke ƙaruwa. Masu shan mai kuwa suna nan inda suke, wasu ma allurar sikeli baya tay yi. Yad dubi littafi, yad dube ni.

"Inna Hajo, man ga cikin yara yake shiga, ko cikin tukunya?"

"Ranka ya daɗe, wa ka miya da wanga ƙarni? Ko kare sai ya yi yaji."

"Na ji wani gari mata na shafa shi ga gashi."

"Dubi kaina, ka ga alamar gashin da anka shafa ma wani abu?"

Malamin magani yay yi dariya, shi bai yi ba. Sista tac ce da idonta take gani ina ba su. Yac ce shi littafi ya sani. Yak karɓi makulli yam miƙa wa Sista, yac ce in wata mai zuwa awo bai sake ba, za a nemo wata atanda.

Abin ya yi min ciwo, ba na ɓoyewa. Matar da anka bari ita kaɗai cikin ɗakin mai jego da akwatin aure a buɗe, yau ita ake karɓe ma makulli saboda man kifi. Amma akwai abin da yaf fi ciwon cin raina: ni dai na san man na shiga. To ina yake zuwa?

Sai nif fara kallon yaran da kyau. Masu shan mai tun rana ba ta fito ba suke zowa, su haɗiye tsaye, su ruga. Ƙafafunsu duk busasshiyar laka har gwiwa. In sun gaishe ni murya a dishe. Masu baƙar tsakuwa ko, in na gamu da su cikin gari, ƙafa fes suna wasan langa.

Wata safiya da nib ba Mode cokalinsa, ɗan maƙwabciyata Kulu, nic ce wa Sista ina zuwa, nib bi bayansa. Yaron nan bai tsaya ba sai fadama.

Lokacin shinkafar rani ta fitar da kai tana nono, tsuntsayen jan-baki kuwa sun sauko kamar hayaƙi. Wanda bai san aikin ba: ana ja igiya bisa gona a rataya gwangwanaye, yaro ya riƙa girgizawa yana ihu, in tsuntsaye sun sauka can ƙarshe ya ruga can, kafin ya kai sun koma inda ya baro. Tun hudowar rana har faɗuwarta. Aiki ne mai cinye yaro, shi ya sa al'adarmu karɓa-karɓa ake yi, yau wannan ɗa, gobe ɗan'uwansa. Nit tsaya bisa gaɓar magudana ina duba fuskoki. Gona bayan gona, duk 'yan cokalina ne.

Ga Kulu tafe da ƙwaryar fura bisa kai.

"Kulu, ina Sanda?" Wan Mode ke nan.

"Shina gida. Ai shi baƙa yaɗ ɗauka."

"To karɓa-karɓar hwa?"

"Haba Inna! Ke da bakinki kic ce man ƙarfi ne. Gwamnati ta ba yaro ƙarfi kyauta, mu aje shi gida shina kallon kaji?"

"Tun yaushe Mode ke nan kullum?"

"Tun da shinkafa tay yi ciki. Ko ɗumamen safe ba ya tsayawa ci, ai ya sha mai."

Niz zauna nan bisa laka. Ashe garin duka haka sunka yi, ba wanda ya shawarci wani.

Da nik kawo Sista tag gani, dariya tay yi har hawaye, sannan tac ce, "Inna, kin wanke kanki, amma kin ɓata mana gwajin."

Ranar da Malam Bello yad dawo ban bari Sista ta yi magana ba. Nic ce, "Ranka ya daɗe, aje babur, da ƙafa za mu." Yan naɗe wando yab biyo ni, Sista na bayanmu. Nin nuna mai yaran, nif faɗa mai abin da nic ce gida-gida, ban rage komai ba. Ya daɗe yana kallon Mode na tsallake fangalin shinkafa kamar ba ƙasa yake takawa ba.

"To amma Sista, wanga gudu, ba man ba ne kuwa?"

Tac ce ba wanda zai iya sani. Yaron da anka tura kora dole ya yi gudu, ko ya sha ko bai sha ba. Nic ce akwai Hassi, 'yar maƙeri, ubanta ba shi da gonar shinkafa, tana shan mai kuma ta ƙara nauyi, ga ta ba ta zama wuri ɗaya. Sista tac ce yarinya ɗaya ba ta isa shaida ba, kuma Hassi tun tana rarrafe haka take. Gaskiyarta, ni niy yanke ma Hassi cibiya.

Malam Bello bai ba ni haƙuri ba, manyan lokacin ba su yi. Da munka koma yak karɓi makullin hannun Sista yad ɗora min bisa tafi, yac ce, "Gaba in za ki yi wa mata bayani, ki tafi da Sista."

Mun so mu sake gwajin bayan an yanke shinkafa. Amma an yi wa masu baƙar tsakuwa alkawari, sauran kwalaben su anka ba, damina ta shigo, wani kwalin bai sake zowa ba.

Abin da nik koya, in kun ba yaro magani, maganar da kunka haɗa da shi ita ma gida take bin sa, kuma uwa aiki za ta yi da ita. Sikeli ba ya gaya muku inda yaro ya yini. Sai kun taka kun je.

Malam Bello ya rasu, malamin magani ma haka, Allah ya ji ƙansu. Sista Rahila ta koma garinsu, bara anka ce min tana nan, ido ne dai ya yi rauni. Cikin garin saura ni da Kulu. Ita har gobe rantsuwa take man ne ya sa Mode gudu, ni in ce jan-baki ne. In tat tashi tafiya, sai in riƙa tunanin ko ita ke da gaskiya.