Jarkar Lawal Ba Wasa Ba Ce

Bana shekara goma sha huɗu ke nan da muka kai Lawal makwancinsa. Ɗan kawuna ne, wato taubashina, don haka tun muna yara a Ƙofar Durbi ba mu taɓa gaisawa ba tare da zolaya ba. Ni na yi boko har na zama malamin jami'a, ina koyar da tattalin arzikin man fetur da lantarki. Shi kuwa ya gaji mahaifinsa, ya zama ɗan kama, sai dai ya bar waƙar tuwo da miya ya koma kwaikwayon masu mulki. Har ya rasu bai kira ni Dokta ba, sai dai Malamin Duhu, wai tun da na fara karatun wuta ba a sake ganinta a unguwarmu ba.

Zamanin soja bakinsa ya ja masa kwana a tsare ba sau ɗaya ba. Amma ban taɓa ganinsa cikin nishaɗi kamar lokacin ba. Yakan ce duk wanda ya sa aka kama shi, to ya ji abin da aka faɗa.

Da soja suka koma bariki, sai tarurruka suka ɓarke kamar farin ɗango. Yau taron ƙara wa juna sani, gobe taron neman mafita. Masu shiryawa suka gano cewa in aka gayyace mu tare an huta: ni in yi jawabi kafin azahar, shi ya wartsakar da mutane bayan an ci abinci. Haka muka riƙa yawo a mota ɗaya, Kaduna, Zariya, Abuja. Ni in na yi magana sai a gyaɗa kai, wasu don yarda, wasu don gyangyaɗi. Shi in ya kwaikwayi kwamishina, kwamishinan ne kan fara tashi yana tafi. Da farko mun ɗauka ci gaba ne. Ashe an gudu ne ba a tsira ba.

Ana cikin haka aka shiga wata wahalar mai. Matarsa Hajara tana da tsohon ciki, haihuwa ta zo da gardama, aka kai ta asibiti da hantsi. Likita ya ce sai an yi aiki, amma babu wuta, janareta kuma babu gas. Aka miƙa wa Lawal jarka. Ya zaga gidajen mai duk a rufe, ya bi 'yan bumburutu har bayan Babbar Kasuwa kafin ya samu. Ko da ya dawo an riga an lulluɓe ta, ita da abin da ke cikinta.

Ba a daɗe da sadakar arba'in ba aka kira babban taro a kan makamashi a nan Katsina, da baƙi daga ko'ina. Aka gayyace mu tare kamar yadda aka saba. Na ce wa Lawal ya ba su haƙuri. Ya ce, "A'a, taubashi. Kai ka daɗe kana hwaɗa masu da lissahi ba su ji ba. Bari ni in hwaɗa masu da bakina."

Ranar ya hau dandamali da jarkar a hannu, babu ganga, babu babbar rigar da yake sawa ta wasa. Yana ajiye ta aka fara dariya. Ya ce, "Yau ba wasa na zo yi ba." Dariya ta ƙaru. Ya ba da labarin tiryan-tiryan, yadda likita ya miƙo jarka, yadda ya yi ta gudu a rana, yadda wani mai gidan mai ya ce masa na manya ne ya rage. Duk inda muryarsa ta karye sai a ɗauka gwaninta ce. Da ya ce ya dawo da gas ya tarar mai shan gas ɗin ta tafi, wani babban baƙo har da share hawaye don dariya, ya taso ya yi masa liƙi a goshi. Mu 'yan gari da muka je jana'izar muka sunkuyar da kai. Na tashi na karɓi lasifika na ce jama'a, wallahi matarsa ce. Sai aka ce ga taubashi ya shigo wasan, aka sake tafi.

Ban ce mutanen nan mugaye ba ne. Al'adarmu ce ta ɗaure shi. Mun saba ɗan kama ya faɗi abin da ya ga dama, ba a fushi da shi, ba a kai shi ƙara. Sai ranar na gane cewa wanda ba a fushi da maganarsa, ba a kuma ɗaukarta. Kukansa wasa ne, rantsuwarsa ma wasa ce. Mai ɗaki kaɗai ya san inda yake masa yoyo.

Daga ranar bai sake hawa dandamali ba. Ya kama ɗan shago a Ƙofar Kwaya yana sayar da goro. In an zo gayyatarsa sai ya ce baki ya yi ritaya. Har ciwon ajali ya same shi, ban sake jin ya kwaikwayi kowa ba, sai ni.

Yanzu nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Har gobe ana gayyatata taro, kuma kusan jawabin da na yi a gabansa nake maimaitawa, sai dai in sauya adadi. An sayar da kamfanonin wuta, an sauya masu suna, an cire tallafin mai an mayar an sake cirewa, unguwarmu tana nan jiya i yau. Masu barkwanci sun yi yawa a wayoyi, wasunsu ma da basira, kuma ina jin tsoro a madadinsu, domin na ga yadda ake kashe magana da tafi. Wataƙila da zai ce mini, Malamin Duhu, har yanzu ba ka gaji ba? Gaskiyar magana na gaji, kuma raina yana ɓaci.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ya rage na Lawal a hannun jama'a. An naɗi taron nan a kaset, daga baya wani ya sa shi a waya, yanzu yana yawo da sunan Wasan Jarka. Kwanan baya a Babbar Kasuwa wani mai sayar da yadi ya gane ni, ya jawo wayarsa yana washe baki.

"Dokta, ai taubashinka ba shi da na biyu! Kullum na kalli wanga sai cikina ya ƙulle."

Na ce, "Alhaji, ka san matar da yake magana?"

"Wace mata? Ai shiri ne."

Na gaya masa. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya kife ta a kan yadi ya yi salati. Mutum ɗaya ke nan da na iya fahimtarwa, bayan shekarun nan duka.

Na so a tuna Lawal da ƙarfin halinsa, da zumuncinsa, da dariyar da ya ba mu lokacin da dariya ke da tsada. Allah Ya jiƙansa, Ya haɗa shi da iyalinsa a Aljanna. Amma ba ni da ikon zaɓa wa mutane abin da za su tuna. Roƙona ɗaya ne ga mai karatu: in hoton nan ya iso wayarka, ka saurare shi har ƙarshe ba tare da ka yi dariya ba. Mutumin da ke tsaye da jarka gaskiya yake faɗa. Sunanta Hajara, kuma ta rasu tana jiransa.