Digirin da Rahinatu Ta Yi a Bayan Okada

Ranar da Rahinatu ta sha kaye a hannun Baba Isma'ila Indabawa ina wurin, na je karɓar ƙafar saniya da na bayar a babbake mini. Don haka duk wanda ya ba ku labarin ta wata fuska, ku turo mini shi.

A bayan mayankarmu ta nan Anacha akwai filin babbaka, inda ake ƙone gashin fata da kai da ƙafa a fitar da ganda. Da tsofaffin tayoyin mota ake hura wutar, haka muka taso muka gani. Baba Isma'ila shi ne shugaban masu wannan aiki, mutum ne mai wuya kamar turmi, ga murya. Rahinatu kuwa ba ta daɗe da dawowa daga jami'a ba, ta yi digiri na biyu a ilmin sinadarai, kan nan nata ya cika har yana zuba. Ta iso cikin farar riga irin ta likitoci, da takardu a hammata, ta tsaya a gaban maza ta fara. Turanci ne tsagwaronsa, Hausar da ke ciki ba ta wuce "wato" da "ke nan" ba.

Baba Isma'ila ya bar ta ta yi mai isarta. Sannan ya sa wuƙa ya yanko dafaffiyar ganda, ya jefa a baki, ya tambaye ta ko guba ce yake taunawa. Ta ce ba za a ce haka kai tsaye ba, amma akwai alamun da ke nuna yiwuwar hakan. Ya ce to wanda ya ci zai mutu? Ta ce ya danganta. Ya ce to me ta zo faɗa musu? Sai ta buɗe takarda za ta sake daga farko.

"Jama'a, ku shaida," in ji shi. "Yarinyar nan da gandata ta yi haƙori, uwarta ke ba ta tana tsotsa. In ana neman hujja cewa ganda tana taɓa ƙwaƙwalwa, to ga ta nan tsaye. An kai ta makaranta lafiya lau, ta dawo ba ta iya cewa i ko a'a."

Har masu wankin tumbi sai da suka ajiye aiki suka yi dariya. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba, abin da daɗi. Ta tattare takardunta ta fita, farar rigar nan ta koma kalar gawayi.

Amma ku tsaya ku ji ko wace ce aka yi wa dariyar. A unguwarmu ta Hausawa aka haife ta, ni na fara yi mata wanka. Ubanta Hammadu mai babbaka ne, ya yi rayuwarsa a kan wannan wuta, tari ya kama shi tana sakandare, bai tashi ba. Uwarta Mas'uda ta riƙe gida da waina. Yayanta Jabir ya bar makaranta ya gaji wurin uban, da wannan hayaƙin ya yi mata karatu har ta zama abin da ta zama. Tun tana ƙarama ta iya Ibo kamar a cikinsu aka yaye ta, ga Turancin kasuwa, ga tambayar tsiya. Ita ce ta taɓa tambayar liman dalilin da ya sa ruwan rijiyar masallaci yake canja kala da damina, ya ce ta je ta tambayi uwarta.

To a shekarar da ta dawo, Jabir ya fara tari. Irin na uban ne sak, mai fitowa daga can ƙasa. Rahinatu ta san wannan sauti, a jikinsa ta girma. Shi ya sa ta yi ta kwasar toka da guntayen ganda a kwalabe tana kai wa ɗakin gwaje-gwaje a Inugu, inda take aiki. Ta auna, ta ga dalma da wasu abubuwa marasa daɗin suna. So take ta raba yayanta da hayaƙin taya kafin ya bi uban. Gaskiya tana hannunta, bakin faɗa ne babu.

Bayan waccan rana ƙungiyar mahauta ta ce kada ta sake shiga mayanka da kwalba. A cikin watan kuma mujallar masana da ta aika wa bincikenta ta dawo mata da shi, wai sun karanta har ƙarshe ba su gane me ta gano ba. Na ce mata ta gode wa Allah, ita ce mutum ta farko da ta haɗa kan mahautan Anacha da manyan farfesoshi a kan magana ɗaya. Ta yi sati ba ta gaishe ni ba.

Abin da ya juya ta ɗan ƙarami ne. Wata rana ta hau okada za ta Kasuwar Ochanja, mai okadan, wani Muhyiddeen ɗan Haɗeja, ya tambaye ta aikin da take yi. Ta shiga bayani. Ku da kuka san Anacha kun san ba a hira a kan titi: ga hon, ga masu wa'azi da lasifika, ga kwandastoci suna kiran Asaba kamar an sace musu ita. Ta yi ta zuba a bayan kunnen bawan Allah har suka iso. Da ta sauka ya karɓi kuɗinsa ya ce Allah ya ba da kasuwa, in maganin nata yana maganin basir zai saya.

Ta ce mini a bakin kasuwar ta tsaya tana huci, sai kuma ta ga ba laifinsa. Mutum ya tambaye ta da zuciya ɗaya, ya saurara iyakar ƙoƙarinsa, ya tashi da basir. Daga ranar ta kafa wa kanta doka. Duk okadan da ta hau sai ta yi masa bayanin bincikenta, in sun iso ta ce ya maimaita mata abin da ya ji. In ya faɗa daidai, ta ci. In ya kauce, ita ce ta faɗi, ba shi ba. Bahaushe da Hausa, Inyamuri da Ibo, wanda ba ta gane ƙabilarsa ba da Turancin kasuwa.

Unguwa kuwa ta samu abin taunawa. Aka ce 'yar Mas'uda mai digiri biyu ta rasa miji a ofis, ta koma zaɓe a cikin 'yan okada, shi ya sa kullum da sabo, kuma in ta sauka sai sun tsaya ƙus-ƙus. Mas'uda ta zo mini da hawaye. Na ce ta kwantar da hankalinta, wanda duk ya ji zancen dalma daga Kasuwar Relief har Ochanja bai jefar da yarinya a kwata ba, ai ya cancanci a ba shi ita.

Titi ya koya mata abin da jami'a ba ta koya mata ba. Doguwar jimla ba ta tsallake ramin hanya, kafin ka kai ƙarshenta iska ta tafi da farkonta. Ta gane cewa in ta fara da tarihin yadda ta wanke kwalabe, za su iso ba ta faɗi abin da ta gano ba, sai ta koma farawa da shi. Kalmar da ba za ta iya faɗa wa uwarta a bakin tanda ba, ta jefar. Wadda ta fi ba ta wahala ita ce "ya danganta", don ba ƙarya ba ce, a aikinsu abubuwa da yawa sun danganta. Sai ta koyi raba su biyu: ga abin da na tabbatar, ga abin da ban sani ba tukuna, kowanne da jimlarsa. A hankali bayanin da yake cika takarda ashirin ya dawo haka: hayaƙin taya yana shiga ƙirjin mai ƙonawa, baƙinsa yana shiga gandar mai ci, wanki ba ya fitar da shi duka, na auna na gani. Ranar da wani mai okada ya maimaita mata shi tsaf, ya ƙara da cewa zai gaya wa matarsa, ta shigo gidana tana rawa kamar an yi mata albishir da kujerar Makka.

Ta koma kan rubutun nan da aka ƙi ta yi masa aski irin wannan. Ba ta rage ko lamba ɗaya daga awonta ba, kitsen kawai ta cire. Aka karɓa aka buga. Abokan aikinta na Inugu da suke mata dariyar okada suka fara leƙo ofishinta da nasu takardun. Yanzu har aji take yi musu, kuma ba ta duba rubutun kowa sai ya je Coal Camp, unguwar makanikai, ya yi wa mai walda ko mai gyaran mota bayani ya dawo mata da abin da mutumin ya ji. An ce akwai wani babban malami da ya je sau uku yana dawowa da gumi. Daga Fatakwal ma kiranta ake yi. Ni dai in an ce Dakta Rahinatu sai in ce wace, wadda na goge wa majina?

Duk wannan bai rage wa Jabir tari ba. Ta roƙe shi ya bar aikin, ya ce ya bari ya yi me, ya hau okada ta riƙa yi masa lacca? Ba zai fita daga cikin mutanen da suka binne ubansa ba. Ta ga in ba za ta raba shi da filin ba, to wutar filin za ta canja. Ta sa wani mai walda ya ƙera mata murhun gas mai dogon baki, suka gwada a bayan gida har ganda ta fito yadda ake so.

Sannan ta yi abin da ya kamata ta yi tun farko. Ta sa mayafi ta je gidan Baba Isma'ila, ta durƙusa, ta gaishe shi da gajiya da iyali da kasuwa da mutanen gida can Kano, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ta ce ta zo neman alfarma a saurare ta sau ɗaya, in ba su gane ba kada su sake barinta. Tsoho ya ji an girmama shi, ya sa rana.

Bayan la'asar aka taru a rumfar ƙungiya. Mu mata muna daga baya, ni a kan benci don ƙafata. Ba takarda a hannunta. Ta ajiye ganda biyu a faranti, ɗaya ta taya ɗaya ta gas, duka wankakku, ta ba mutum biyu farin ƙyalle ta ce su goga. Ɗaya ya fito da baƙi, ɗaya ya fito kusan yadda ya shiga. Ta faɗi jimlolin nan nata huɗu. Wani ya jefo mata tambaya, ko tana nufin taya ce ta kashe Hammadu.

"Ban sani ba, Kawu," in ji ta. "Ba a auna shi ba, ba zan yi muku ƙarya a kan ubana ba. Abin da ke cikin hayaƙin shi na sani. Tarin Yaya Jabir kuma ba sai na auna ba, kowa a nan yana ji."

Jabir ya sunkuyar da kai. Aka yi ta tambaya, tana ba da amsa gajera-gajera. An yi maganar ɗanɗano, ta ce ga faranti. An yi maganar tsadar gas, ta ce gaskiya ne, ya fi taya tsada, ta nuna yadda mutum biyar za su haɗu a murhu ɗaya.

Ku je filin yau ku gani. Murhun gas ne a jere, mutum yana iya shiga da farar riga ya fito da ita. Jabir yana tari har yanzu, ba zan ce muku ya warke ba, amma yana barci, ya yi ƙiba, har ya fara yi wa mutane rashin kunya. Baba Isma'ila kuma duk baƙon da ya zo sai ya gaya masa shi ya kawo wannan tsari. Amma a ranar taron nan na rumfa shi ne na ƙarshe da ya turje, kuma maganarsa ba ta wasa ba ce. Ya miƙe ya ce duk ya ji, wannan karon ya gane. Sai dai mu baƙi ne a garin nan. Ta riga ta rubuta an buga, gobe masu gari su ce Hausawa suna ciyar da su guba, su rufe mayanka, su ce mu koma inda muka fito. 'Yar da muka raina da hannunmu ita ce za ta tona mana asiri? Wannan tsoron kuwa babu wanda ba ya kwana da shi a cikinmu. Na ga kawuna sun fara komawa wajensa.

Rahinatu ta juya ta nuna masa baƙin hayaƙin da ke tashi daga filin, ya tokare sama.

"Baba, wane asiri? Wanda ake hangowa daga Asaba? Sun riga sun gani, jira suke. Gara su ji daga bakinmu cewa mun daina, da su ji daga bakin wani cewa muna yi."