Ruwan da Yaya Haliru ke gani da ido rufe

A wannan watan ne ake cika shekara goma sha shida da rasuwar yayana, Malam Haliru, manomin albasa a wani ƙauye da ke tsakanin Wurno da Goronyo. Bai riƙe sarauta ba, bai yi siyasa ba, don haka mai karatu bai san shi ba, kuma babu laifi a nan. Ni kaina na bar shekarun baya sun wuce ban ce komai ba, sai addu'a. Bana ne na ga abin da ya hana ni yin shiru.

'Yarsa ta auta, A'i, a hannuna take tun bayan rasuwarsa. Ta gama makarantar koyon aikin jinya, tana jiran a ɗauke ta aiki, jiran kuma ya yi tsawo. Kwanan baya na shigo gida na tarar da ita zaune a kan tabarma, ido rufe, waya a gefenta, wata mata a cikin wayar tana magana a hankali: ki ja numfashi, ki ga kanki cikin fararen kaya a asibiti, ki riƙe hoton nan a zuciya, kada ki bar shakka ta shigo, abin da kika riƙe zai zo. Na tsaya a bakin ƙofa. Na san wannan zaman. Na kalle shi shekara da shekaru a bakin wani busasshen kanal na ban-ruwa.

Lokacin da aka gama dam ɗin Goronyo aka fara shimfiɗa hanyoyin ruwa zuwa gonaki, mu matasan wancan zamani mun ɗauka talauci ya yi ban kwana da mu. Aka raba filaye, Yaya Haliru ya samu nasa. Sai dai nasa ya faɗo a can ƙarshen kanal, wurin da manoma ke kira wutsiya. Kafin ruwa ya kai wutsiya sai ya bi ta gonakin kowa, kowa kuwa da ƙishinsa da buhun yashin da yake tare hanya da shi. Sau ɗaya tak ruwa ya taɓa isa gonarsa, ranar da aka yi gwaji. Ya shigo siriri, ya jiƙa bakin gona, ya ja da baya. Yaya yana tsaye ya gani da idonsa. Da bai gani ba, ina jin da ya fi masa sauƙi, domin sa rai a ci shi ke kawo jin yunwa.

Zaman nan nasa abu biyu ya haɗa. Wuridi dai gadonmu ne, daga mahaifinmu ya karɓa tare da carbinsa. Ɗaya rabin kuma daga Malam Yohanna ya samo shi, wani malamin firamare mutumin Zuru da ya yi haya kusa da gidanmu, mutumin kirki mai yawan karance-karance. Shi ya taɓa ce masa a cikin hira, wai abin da mutum ya zana a zuciyarsa ya riƙe ba tare da shakka ba, zai same shi. Malam Yohanna ya faɗa ne kamar yadda ake faɗar magana a kan shayi, aka yi masa canjin wurin aiki, ya tafi abinsa. Yaya kuwa ya ce ai wannan ba baƙon abu ba ne, shi ne fata nagari lamiri, shi ne kyautata zato ga Ubangiji. Ya haɗa biyun ya yi musu mazauni guda.

Kullum bayan sallar asuba sai ya hau kekensa ya tafi gona. Akwai wani falalen siminti a kan ƙofar ruwan gonarsa, nan yake zama. Ya ja carbi har ya sauke wuridi, sannan ya rufe ido ya yi tsit, yana bin numfashinsa, yana ganin ruwan nan na ranar gwaji yana tahowa, yana cika fangali ɗaya bayan ɗaya, albasa ta yi kore shar. Sai rana ta fara zafi yake tashi. Da damina ta ɗauke, zai yafa irin albasa, ya tsara fangali, ya ɗauki shebur ya yashe rairayin da ya taru a kanal, tun daga gonarsa har inda ƙarfinsa ya ƙare. Irin kuwa da jarka yake ba shi ruwa daga wani tafki, har ranar da tafkin zai ƙafe. Daga nan sai irin ya yi ja, ya kwanta. Geron gonar tudu da ƙuli-ƙulin matarsa Kulu su suka riƙe gidan.

A gidan nan akwai doka: ba a cewa "in ruwa bai zo ba". Ko yaro ya faɗa sai an sa shi ya yi istigfari.

Ni sana'ata gyaran injin ban-ruwa ce a kasuwar Wurno, kuma ban iya ɓoye abin da ke raina ba, kowa ya san ni da haka. Maƙwabtansa na wutsiya tuni suka gaji, suka sa aka buga musu rijiyar bututu, suka ɗora inji, suna fitar da albasa da tafarnuwa ana lodi zuwa Achida. Wata rana na haɗa wani tsohon inji da hannuna, na ɗaure a bayan babur, na kai masa har kan falalen simintin.

Na ce, "Yaya, ga inji, ga masu bugun rijiya can gonar maƙwabcinka. Mi kaka jira? Allah ma cewa yay yi tashi in taimake ka."

Ya dubi injin ya daɗe, ya ce, "Sahabi, ran da niy yi rijiya cikin gonag ga, ran nan ni hwaɗa ma zuciyata ruwan ga ba su zuwa. Maida abinka, Allah shi yi ma albarka."

Na mayar da inji ina ta faɗa ni kaɗai a kan hanya, har wani mai jaki ya tsaya yana kallona.

Mutanen gari suna ganinsa a zaune ido rufe sai su ce Malam Haliru ya samu natsuwa, wasu har suna neman ya sa su a addu'a. Mu na gida mu muka san abin da ke dawowa daga gonar. Sau da yawa ya fi fushi a dawowa fiye da a fita. Ya taɓa gaya min cewa idan ya rufe ido yana neman ganin ruwa, sai fuskokin masu tare kanal da buhu su riƙa zuwa masa ɗaya bayan ɗaya, ya kore su, su dawo, har ya ji wuyansa ya ɗau zafi. Carbin mahaifinmu sau biyu zarensa na tsinkewa a hannunsa saboda matsa. Kuma maimakon ya ce kanal ne bai kai ba, sai ya ce zuciyarsa ce ba ta tsarkaka ba. Sai ya ƙara tsawon zaman, ya ƙara azumi, ya rage magana.

A nan ne nake jin haushin wannan koyarwa har gobe, ko daga littafi ta fito ko daga waya. In abu ya samu, sai a ce ka gani, hanya ta yi aiki. In bai samu ba, sai a ce kai ne ka yi shakka. Hanyar ba ta taɓa yin laifi. Mutumin da ba shi da iko da ƙofar ruwa, ba shi da iko da na sama da shi, sai a ɗora masa laifin bushewar gonarsa a kan ƙirjinsa, ya riƙa ɗauke da shi yana murmushi, don ko ɓata rai an ce masa shakka ce. Addinin da muka tashi a ciki bai ce mana haka ba. An koya mana mu roƙa, mu yi aiki, in ba a ba mu ba mu ce Mai abu ya fi mu sani. Yayana ya san wannan sarai, ya fi ni karatu nesa ba kusa ba. Amma buri idan ya daɗe a zuciya yakan sa wa mutum rigar ibada ya fito.

Ranar da abin ya fi muni ita ce ranar da Kulu ta karya doka. Irin albasar wannan shekarar ya fara ja, ita kuwa tana tankaɗe, ta ce a hankali, "Malam, in ruwan ga ba su zo ba hwa?" Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye kwanon tuwo, ya fita. Ya yi kwanaki ba ya cin abincinta, ba ya amsa gaisuwarta sai da ka. Da irin ya ƙarasa mutuwa ya ce bakinta ne. Matar da ta yi shekaru tana murza gyaɗa har tafin hannunta ya yi kanta don gidan ya ci, ita aka ce ta kore ruwa. An bar jaki ana dukan taiki. Na je na same shi muka yi ta, na faɗi maganganun da ba a faɗa wa babban wa, kuma har yau ban ga wadda zan janye ba.

Hawan jini ya kama shi daga baya, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ma'aikaciyar asibiti ta ce ya rage damuwa, ni kuwa na yi dariyar da ta fi kuka ciwo, don a idon duniya babu wanda ya kai shi rashin damuwa. Keke ya gagara, amma ya nace sai an kai shi gona. Ni nake ɗaukarsa a babur in zaunar da shi a kan falalen, in koma gefe in jira. Wata safiya da ya buɗe ido na kasa haƙuri.

Na ce, "Yaya, har yanzu kana ganin ruwan?"

Ya ce, "Na daɗe ban gane su ba. In ni ruhe ido, rairai nika gani, kamar yadda kaka ganinai."

"To zaman mi kaka yi?"

Ya juya carbin a hannunsa mai lafiya, ya ce, "Da ina zama don ruwa su zo. Yanzu ina zama don in koma gida ban zagi kowa ba. Wanga kam wata rana shina samuwa."

A wannan makon ya kira Kulu a gabana ya nemi gafararta, ya ce ba bakinta ba ne, ba kuma zuciyarsa ba ce, kanal ne bai kai ba. Kulu ta rufe fuska da gyale. Ya kuma ce min in damina ta wuce in kawo masu bugun rijiyar. Bai ga ƙarshen daminar ba.

Shekarar da ta biyo baya aka yi ambaliyar da duk mutumin yankinmu ke tunawa. Gulbi ya cika ya batse, ruwa ya shafe gonaki tun daga sama har wutsiya, bai tambayi wa ke da buhu ba. Da ya ɗan lafa na raka Kulu muka tsaya a kan tudu. Gonar Yaya ta zama tafki, falalen simintin ma ba a ganinsa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ga ruwanka nan, Malam." Ban taɓa jin magana mai nauyin wannan ba, kuma ba ta sake ambaton gonar ba har ita ma ta bi shi.

Yau in ka je wurin, kanal ɗin ya cike da rairayi da ciyawar kacala, awaki ke kiwo a ciki. 'Ya'yansa maza sun buga rijiya, sun ɗora inji mai aiki da hasken rana, suna samun abin da suke samu, wata shekara a ci riba, wata shekara albasa ta ruɓe a rumbu. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga wannan. Ina jin zai yi murna da korayen fangali. Amma da zai leƙa gidana ya ga autarsa a kan tabarma ido rufe, wata murya daga nesa tana hana ta shakka, ina jin da ya zauna ya yi kuka. Wutsiyar ba ta ƙare ba, wuri kawai ta sauya. Yaranmu sun yi karatu, sun tsara fangalinsu, suna zaune a ƙarshen wani kanal ɗin suna jiran abin da na sama suka tare.

Na ba A'i labarin nan duka, har da abin da ya faru da mahaifiyarta, wanda ba ta sani ba. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To Baffa, in bari ke nan?" Na ce ban ce ta bari ba. Ta zauna in zaman na sanyaya mata rai, ta yi wuridinta, ta roƙi Allah. Amma in ta tashi ba ta ga komai ba kada ta kama zuciyarta da duka, kuma akwai mai shagon magani a Achida da ke neman mai taimaka masa, ta je ta fara da shi. Ta ce to. Washegari na sake tarar da ita a kan tabarmar da wayar a gefenta, ta fi jiya daɗewa. Jini ba ya ƙarya, na ja ƙofa na fita.

In aka tambaye ni me ya rage na Yaya Haliru, ba ni da abu mai yawa da zan nuna. Bai bar rumbun albasa ba, bai sake ganin ruwan da ya zauna dominsa ba ko sau ɗaya. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Nawa yayan ya dafa har itace ya ƙare, dutsen yana nan yadda yake. Abin da ya rage shi ne falalen nan, da carbi mai ƙulli biyu a zare, da maganar da ya faɗa min a ƙarshe, wadda sai da ya rasa lafiyarsa da rabin rayuwarsa kafin ya kai gare ta. Na taɓa gwada zama a wurin in rufe ido kamar yadda yake yi. Ban jima ba na tashi, rairai kawai na gani, raina kuma a ɓace.

Allah ya jiƙan Yaya Haliru da Kulu, ya yafe musu kurakuransu. Ya shayar da shi daga tafkin Alkausara, kuma ya sa shi a sahun farko. Ya daɗe a wutsiya.